Kifin Baba ya mutu a hannuna, na ce masa yana bayan dutse

Daga admin: wata 'yar uwa ce ta turo, ta roƙi a ɓoye sunanta.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Na san wasu za su ce ai magana ce ta kifi kawai, amma ni sati uku ke nan raina bai kwanta ba.

Ni malamar firamare ce, ina aure a Maiyama, gidanmu kuma yana Jega. Mahaifinmu tsohon direban babbar mota ne, albasa ya yi ta ɗauka daga Aliero zuwa Legas tun yana saurayi. A shekarun da aka ba mu jihar Kebbi, ina 'yar firamare, ya dawo daga wata tafiya da labarin da ya ƙi fita bakinsa. Wai a falon wani mai sayen albasarsu ya ga akwatin gilashi cike da ruwan teku, a ciki akwai wasu 'yan kifaye ruwan lemo masu zane fari uku, suna kwanciya cikin wata halitta mai kama da fure, mai yatsu da yawa suna kaɗawa. Aka ce masa halittar nan dabba ce mai harbi, duk kifin da ya taɓa ta ya shiga uku, sai waɗannan 'yan lemon kaɗai take bari su kwana a jikinta. Ya sa aka haɗa masa akwati a Jega, ya zuba gishirin miya da kifin gulbi, kafin la'asar duk sun mutu. Abokansa na tasha sun daɗe suna masa dariya.

Bai haƙura ba. Sai da ya ajiye tuƙi, bayan rasuwar mahaifiyarmu, ya sa sola a gida, ya gyara ɗaki guda mai sanyi, direbobin da ya koya wa mota suka riƙa kawo masa gishirin teku da sauran kaya. Daga ƙarshe suka kawo masa kifin guda biyu, mace babba da namiji ƙarami, da halittar nan da masu sayarwa ke kira animoni, mu kuma a gida muke ce mata furen ruwa. Shekara tara yana kula da su. Shi da bai yi boko ba, ya san awon gishiri da zafin ruwa fiye da yadda na san darasin ajina.

Da zafin bana ya samu shanyewar ɓarin jiki. Muna asibiti da shi batirin sola ya lalace, ba wanda ya lura sai bayan kwana biyu. Kifayen sun rayu, amma furen ya yi fari fat, ya saki dutsen da yake maƙale, ya narke. Da aka sallamo Baba bakinsa ya karkace, magana ba ta fita sai kalma ɗaya biyu, hannun dama ba ya motsi. Abin da ya nema kawai a kai kujerarsa gaban akwatin. Nan yake wuni, yana kallon kifayen suna ta zagaye wurin da furen yake a da, sun rasa inda za su kwanta. Ba na iya jure ganin fuskarsa.

Shi ne na ce bari in faranta masa. Na samu wani mai sayarwa a intanet, ya turo min hotuna, na zaɓi wanda ya fi kyau a idona, fari mai dogayen yatsu, kan kowane yatsa da ɗigon shunayya. Na tambaye shi ko zai zauna da irin kifinmu, ya ce duk animoni ɗaya ne, kar in damu. Ban tambayi kowa ba kuma. Na Baba na da, yatsunsa gajeru ne masu kumburi a kai kamar 'yan balan-balan, launinsa ja-ja, na ga bambancin da idona amma na ɗauka kwalliya ce kawai.

Ranar da aka kawo, ina sakawa a ruwa Baba ya fara buga hannun kujera da hannunsa na hagu, yana cewa, "Ba ita ba, Uwata. Ba ita ba." Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa gare ni. Na durƙusa na ce, "Eh Baba, waccan ta mutu, wagga sabuwa ce na sawo maka." Ya yi ta girgiza kai har hawaye suka zubo masa, ni kuma na ɗauka kewar tsohon furen ce. Na share masa fuska, na tura kujerarsa zuwa ɗakinsa don ya huta. Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai. Mutumin nan ya san abin da yake gani, yana ta ƙoƙarin hana ni, ni kuma ina lallashinsa kamar bai san komai ba.

Kwana biyu bayan nan, da safe na shiga ba kifayen abinci, na tarar da macen rabin jikinta a cikin bakin furen, ba ta motsi. Na sa hannu na janyo ta, ta riga ta mutu. Na cire furen, na binne kifin a gindin bishiyar tsakar gida kafin a fito da Baba. Da ya zo ya duba ya duba, ya ɗaga yatsu biyu yana kallona. Na ce masa furen bai yi ba na cire, macen kuma ta shige bayan babban dutse, ta tsorata ne. Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.

Daga baya na tura wa wani mai kiwon irin kifin a Abuja hoton furen. Ya ce wanda na saya daga wani teku daban yake, inda kifin lemo ba ya zama sam, wani lokaci su saba, wani lokaci ya cinye su. Na ce to in samo wata mace babba in saka a ɓoye? Ya ce kar in kuskura, don a halittarsu idan mace ta mutu namijin ne ke girma ya koma mace, in na saka babba faɗa za su yi har ɗaya ya mutu. Sai dai ƙarami. Ƙarami kuwa Baba na gani zai gane.

Ni da yayana da ke noman albasa a Aliero mun yi cacar baki sosai. Shi ya ce ƙarya ga mahaifi ba ƙaramin abu ba ne, in je in faɗa masa in nemi gafara tun yana da rai, in ba haka ba shi zai faɗa. Ni kuma na tuna masa likita ya ce a kiyaye duk abin da zai tayar masa da hankali saboda hawan jini. Ya ce ni na jawo, ni kuma nake fakewa da likita. Tun ranar ba mu yi waya ba.

Asabar da ta wuce na je, na sa hannu zan goge gilashin kusa da dutsen, Baba ya riƙe min zane ya ce, "Bar ta. Ta huta." Sai ya daɗe yana kallona, ba akwatin ba. Har yanzu ban sani ba, ya yarda da maganata ce, ko ya gane tuntuni yana rufa min asiri ne don kar in ji kunya.

Don Allah iyaye da 'yan uwa, musamman waɗanda suka yi jinyar tsoho, me zan yi? In faɗa masa gaskiya, in jininsa ya hau wani abu ya same shi, ta yaya zan yafe wa kaina? In na yi shiru Allah ya ɗauke shi yana jiran kifin da na binne da hannuna fa? Masu ilimin addini ku faɗa min matsayin wannan ƙarya. Masu kiwon kifin teku kuma, in akwai ku a nan, ku faɗa min yadda zan gane furen da ya dace kafin in sake kashe wanda ya rage.

Jibi Asabar ce, zan koma Jega, kuma na san ina shiga zai ɗaga min yatsu biyu.