Ragon da Baba Ya Mayar

Zuwa ga yayana Yusufu a Abijan,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya zaman baƙunci? Mu nan Tawa sai godiya.

Jikin Baba yana nan yadda lokotoro ya faɗa: ciwon dajin ya wuce magani, sai na rage zafi. Amma tsaya ka ji. Ranar Lahadi autanmu Sani ya sayo ragon layya. Baba na jin kukansa ya ce a shigo da shi har bakin gado. Muka tayar da shi zaune, ya buɗe bakin ragon, ya duba haƙora, ya ce, "Kai, wannan ai ya girme ni! Ɗan dillali guda a sayar maka da tsoho? Mayar musu da abinsu." Inna ta yi dariya har da hawaye. Rannan furarsa kaf ya shanye.

Sani ya mayar, ya sayo wani ragon. Na biyun ya yi wa Baba, amma ya ce ranar yanka kai za ka riƙe ƙafar. Yaya, don Allah kada ka ce sai baɗi.

Ku sa shi a addu'a. A gaida yara.

Ƙanwarka,
Hadiza