Majigin Baba

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙafar taki?

Yaya, na yi ɓarna, gara ki ji daga bakina. Tun da likita ya ce idon Baba yana ja da baya, ba shi da magana sai bidiyon ranar da kika gama makaranta, wanda Umma, Allah ya ji ƙanta, take dariya a ciki. A waya ba ya ganin komai, shi ne na ce zan sayo majigi in haska masa ita a bangon falo.

Mai shagon ya tambaye ni tagogi nawa ne a falon, na ce uku. Ya ce lallai in ɗauki babban, mai haske sosai. Ni kuwa da taurin kaina, wai ni mai gyaran wuta, wa zai koya min haske? Na ɗauki ƙaramin, don a ɗakin gwajinsu mai duhu tar yake fitowa.

Kin san da hantsi kawai idon Baba yake ɗan washewa. Na kunna, hoton ya fito kamar shayin da aka cika wa ruwa. Na rataya barguna a tagogi, duk da haka dishi-dishi. Baba ya matsa har ya dafa bango, ya ce ga ta nan, ya gan ta. Yaya, malamarku ya dafa. Umma tana can ɗaya gefen. Na kasa gyara masa.

Na koma shagon, an sayar da babban, sai an yi odar wani.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da yara. Na ga saƙonki, na gode da ba ki yi min faɗa ba.

Babban ya iso jiya, bayan sati biyar. Tagogi a buɗe, amma har wushiryar Umma ana gani. Na zaunar da Baba a gaba. Ya jira, ya jira, sannan ya tambaye ni ko na kunna.

Na ce masa na kunna, sai ya ce in ƙara murya. Ya saurara har wurin dariyar. Daga nan ya gaya min tun ranar da ya dafa bango ya san ba ita ya dafa ba, don Umma ba ta kai nan tsawo ba. Ya faɗa ne kawai saboda ya ji ina ta fama da barguna.

Wallahi kunya ta hana ni kallonsa, alhali ba ya ganina.

Ki zo idan kin samu dama. Muryarki yake tambaya yanzu.

Ƙaninki mai neman yafiya,
Auta