Motar Baba Tana Tahowa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar? Kina shafa maganin, ko kin cusa shi ƙarƙashin gado kamar yadda kika saba?

Na san za ki ce me ya sami wayata da na koma rubutu kamar 'yar makaranta. Wayar lafiyarta ƙalau, kunnen 'yar tawa, 'Yar Baba, ne ya hana ni kiran ki. Kin san gidan namu, ko tari na yi a kicin tana ji daga kan gado, maganar da zan yi miki kuwa ba ta kunnenta ba ce. Shi ya sa nake rubutawa a shago, a kan akwatin gilashin da muke jera tabarau, idan mai shagon ya fita cin abinci.

Kin tuna firijin da marigayi mijina ya sayo shekarar da aka haife ta, wanda ya riƙa biya kaɗan-kaɗan? Ya gama biya tun tuni. Ashe ranar da ya ɗauko shi an kwafi katin shaidarsa da lasisin tuƙinsa da hotonsa, an tura wa wani babban kamfani mai ajiye tarihin duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya bashi. Ban taɓa jin sunan kamfanin ba, na tabbata shi ma bai taɓa ji ba. To, ɓarayin intanet sun fasa rumbunsu sun kwashe bayanan jama'a, an ce mutum miliyoyi. Na ji a rediyo, na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da goge tabarau. Me za a sata a wajen wanda yake kwance a ƙasa?

Sai makon jiya na je ofishin fansho na asibitin da ya yi wa aiki, in ji inda aka kwana a maganar haƙƙinsa. Makaranta tana hutu, na tafi da ita. Ma'aikacin ya daɗe yana kallon kwamfuta yana sosa ƙeya, sannan ya ce an dakatar da fayil ɗin, domin a wajensu mijina yana raye. Wai an sabunta lasisinsa bayan ranar da muka ce ya rasu, an buɗe sabon layin waya da sunansa, kuma yana tuƙa tasi irin wadda ake kira ta manhaja, jiya ma ya fita aiki. A gabanta ya faɗi haka, Yaya, tana zaune tana kaɗa ƙafa.

Na ce masa ba kai ne ka kama makararsa ba? Ya ce ƙwarai, shi ya je jana'iza, amma kwamfuta ba ta je ba. Kin san bakina. Ban bar masa ko kalma ɗaya ba, kuma duk a banza.

A hanya ta riƙe hannuna gam. Sai da muka fara hawa bene ta tambaye ni me ya sa Baba yake zuwa aiki amma ba ya dawowa gida. Na tsuguna na gaya mata wani ɓarawo ne ya ari sunansa. Ta dube ni irin kallon da babanta yake yi mini idan na ce abu kaza zan saya kawai a kasuwa. Kin san ba ta ga gawarsa ba, tana wajenki aka yi komai aka gama. Da bakinmu kawai ta ji ya rasu, yanzu kuma ta ji da bakin mai babban tebur cewa yana raye.

Tsoro nake ji, Yaya. Ki sa mu a addu'a. Ki gaida yaran, ki ce wa babbar ta bar karatu cikin duhu, ba ni da tabarau na kyauta.

Ƙanwarki,
Mai Tsiwa

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da duk mutanen gidan, da fatan kuna lafiya. Amsarki ta zo, na karanta ta har ta fara yagewa a wajen ninki. Kin ce in tattaro in taho wajenki har ƙura ta lafa. Da zan iya, da tuni kin ga ƙafata.

Ɗan sandan da aka ba binciken ya ce kada in bar gari. Mutum ne mai ladabi, har ruwa ya ba ni, amma tambayoyinsa sun nuna mini inda ya dosa. Wa ya wanke shi? Na ga fuskarsa da idona? Akwai wanda yake turo mini saƙo a ɓoye? Wai an sha yin haka, miji ya ɓuya, mata ta karɓi haƙƙinsa su raba. Na miƙa masa takardar shaidar rasuwa mai hatimin asibitin da mutumin nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa musu motar marasa lafiya. Ya ce takarda ana iya bugawa. Na ce lasisin fa, shi daga sama ya faɗo?

Ki ji abin dariya kuma, idan kina da sauran dariya. Kamfanin da aka fasa ya aiko da saƙon ban haƙuri, da sunan marigayi. Sun ce suna matuƙar damuwa da shi, kuma za su kulle masa bayanansa kyauta idan ya kira su. Na kira. Aka sa mini kiɗa har kunnena ya yi zafi, sannan wata yarinya mai zaƙin murya ta ce mai sunan ne kaɗai zai iya neman a kulle, kuma sai ya ɗauki hoton fuskarsa yana ƙifta ido. Na ce ya rasu. Ta yi mini ta'aziyya, ta ce amma a wajensu bai nuna haka ba. Ofishin fansho sun ce sai 'yan sanda sun gama, 'yan sanda sun ce sai kamfanin tasi ya amsa musu, kamfanin tasi ya ce direbansu mutumin kirki ne, fasinjoji suna yabonsa. Ni ce kaɗai a garin nan nake yawo ina rantsuwa cewa mijina ya mutu. Kin san nauyin faɗin wannan kalma a kowane teburi?

Duk wannan zan iya ɗauka. Yarinyar ce take karya ni. Ta ciro takalmansa na aiki daga cikin kwali, ta goge su da gefen rigarta, ta jera a bakin ƙofa. Ta ja kujera zuwa tagar da ke kallon titi, nan take cin abinci, nan take aikin gida. Malamarsu ta kira ni, wai tana gaya wa 'yan ajinsu babanta ya warke ya sami sabuwar mota. Na ce bari in turo miki ita ko da ni ba zan zo ba, ta yi kukan da ban taɓa ji ba. Ta ce wancan karon da aka kai ta wajenki ne Baba ya ɓace, ba za a sake yi mata haka ba. Idan na ce mata ya rasu, sai ta ce to wa yake tuƙa motar?

Maƙwabta kuma sun sami abin taunawa. Idan na sauko bene sai hira ta tsaya. Matar mai gyaran lantarki har tambayata ta yi, cikin raha wai, ko zan ba ta lambar angon nawa.

Mutum ɗaya ce ta zo mini da magana mai amfani, nas ɗin da ke ƙasanmu. Ta kira tasi daga ƙofar asibiti, sai ga sunansa da hotonsa a wayarta, wanda yake sanye da baƙin tabarau ɗin da ni na zaɓa masa. Ta ce nan take ta soke kiran, ta taka da ƙafa har gida. Ashe a unguwarmu yake yawo.

Na sauke manhajar a wayata. Kada ki yi faɗa. Ki gaida maigidan, ki ce na gode da saƙonsa.

Taki har kullum,
Mai Tsiwa

Yaya,

Salama da gaisuwa. Ina fatan kin samu sauƙin ƙafar. Faɗan naki ya iso lafiya, bai zube a hanya ba.

Kin ce mai satar sunan mamaci zai iya komai, in bar wa hukuma. Na ji. Amma hukuma ba ta ganin abin da nake gani. Yarinyar ta rame, ta daina wasa da kowa don kada mota ta tsaya ba ta wajen. Shekaranjiya ta tambaye ni ko laifi ta yi masa.

Ba zan shiga motar ba, na yi miki alkawari. Hoton lambarta da fuskarsa kawai zan ɗauka in kai wa ɗan sandan. Kullum idan na tashi daga shago ina kira, wani direban ya fito in soke, in sake kira. Har manhajar ta fara yi mini gargaɗi. Yarinyar ba ta san ina yi ba.

Ki ci gaba da addu'a.

Ƙanwarki

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yara, da fatan kowa yana lafiya. Mu ma lafiya, alhamdu lillahi. Ki zauna kafin ki karanta, kuma ki yafe mini alkawarin da na karya.

Ranar Asabar da hantsi ina wanki, na gwada kira daga gida, don hannuna ya riga ya saba. Na ajiye wayar a kan firiji na koma ɗauraya. Ban ji shigowar yarinyar kicin ba. Ihunta kawai na ji, tana cewa Baba yana zuwa. Na fito hannuna duk kumfa, na same ta riƙe da wayar. Ga fuskarsa, ga sunansa, ga wata 'yar mota tana tafiya a kan taswira, ta karyo kwanar gidan burodi, tana nufo layinmu. Yaya, ni da na san inda yake kwance, sai da zuciyata ta buga.

Kafin in kama ta ta sauka bene ba takalmi. Na bi ta ina kiran ta. Wata farar mota ta tsaya a bakin ƙofa, ta fizge murfin gaba, ta kira shi da duk ƙarfinta.

Mutumin ya juyo. Siriri ne, bai kai marigayi shekaru ba, ya tara gemu irin na hoton, ya sa baƙin tabarau irin nasa. Kallo ɗaya na yi na gane gilashin banza ne, babu magani a ciki, don kamanni kawai ya saya. Ta tsaya riƙe da murfin motar, bakinta a buɗe, ta dubi wayar, ta dube shi. Ba ta yi kuka ba. Na so a ce ta yi.

Na zaci zai ja mota ya gudu. Sai ya kashe injin, ya cire tabarau ɗin ya ajiye a cinyarsa. Ya ce sayen sunan ya yi a wajen wani, da lasisin da layin duka, aka ce masa mai sunan ya bar ƙasar ba zai dawo ba. Shi ba shi da takardun da za a ɗauke shi aiki, kuma yana da yara. Duk zagin da na tanada tun ranar ofishin fansho ya ɓace mini. Na karɓi wayar, na ɗauki hotonsa da na lambar motar, bai kare fuskarsa ba.

Sannan ta juyo ta tambaye ni, to ina yake?

Na ce ta shiga baya. Na shiga kusa da ita, da zanin wankina, na ce masa ya kai mu maƙabarta. Na san za ki ce bai kamata in shiga ba, amma na shiga. Mai gadin ya kai mu wajen. Ta karanta sunan da ke jikin allon da kanta, harafi bayan harafi, da yatsa, kamar yadda ake koya musu. Ta tambaya ko yana jin zafin rana, na ce a'a. Sai ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ya kamata ta yi tun bara, ni ma na taya ta. Da muka fito mutumin yana nan a tsaye jikin motar, ya mayar da mu gida.

Na kai wa ɗan sandan hotunan. Na tausaya wa direban, ba zan ɓoye miki ba, amma na kai. Ɗan sandan ya daina yi mini kallon ɓarauniya, sai dai ya ce ba za a rufe sunan yanzu ba, suna so su bi ta kansa su kamo mai sayarwa, kuma an ce sunaye irin na marigayi suna da yawa a hannunsa. Fayil yana nan a dakace, ni ma ina nan, ba inda zan je. A kwamfuta har yau yana raye.

Yarinyar kuwa da kanta ta mayar da kujerar wajen teburi, ta sa takalman a kwali. Washegari na same ta da wayata. Manhajar ta sake fito da hotonsa, tana tambaya taurari nawa za mu ba shi na tafiyar jiya. Na miƙa hannu zan karɓa, ta ce in tsaya. Ta danna biyar duka, ɗaya bayan ɗaya, ta ce na Baba ne, ba na mutumin ba. Sannan ta miƙo mini ta ce in goge manhajar.

Ta ce idan an yi hutu za ta zo wajenki. Ki ajiye mata gefen gadonki.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Mai Tsiwa