Kafin Baba Ya Fitar da Talabijin

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya bayan Baba, ya yi sauƙi? Ka gaishe min da Inna da yara.

Mun sauka lafiya garin da ake gasar. Masauki mai kyau, abinci sai ka ture. Sai dai koci bai sa ni cikin masu bugawa ba. Don atisaye aka taho da ni. Ana sa min rigar abokan karawa in riƙa kwaikwayon ɗan gabansu, masu tsaron bayanmu suna koyon tare shi a jikina. Akwai wani Dogo cikinsu, wallahi dukana yake kamar ni ne mutumin. Ƙwaurina ya kumbura, amma ba komai, ana sa ƙanƙara.

Na ji Baba ya gayyaci maƙwabta kallona. Don Allah ka faɗa masa kafin ranar, daga kai sai shi. Ni na kasa.

Ka turo min hoton jaririyarka, Allah ya raya ta.

In kun ga ɗan gaban nan ya kasa cin ƙwallo, ka ce wa Baba aikina ne.

Ƙaninka