Lambar Ciwon Kaina

Angona,

Ga kacici-kacici, tunda ka iya boko: wa ya goge min jinin goshi, sannan ya ce wa asibiti ban taɓa buguwa ba?

Ya karatu, ya ƙannenka? Ni lafiya lau, sai kan nan da ke sarawa tun da katako ya faɗo min a shagonmu. A asibitin nan kowane ciwo da lambarsa. Tawa aka rubuta ta tsufa, inshora ta ce ba ta biyan hoton kai don tsufa. Da an rubuta rauni, da hukuma ta binciki shagon.

Kada babarka ta ji. Allah ya yi maka albarka, marowacin miji.

Amsar kacici-kacicin: kawunka ne, autana, wanda na baro gida don renon 'ya'yansa.

Kakarka