Ranar da Katin Biyu Suka Rabu

Zuwa ga yayana, marigayi Ya Bukar mai aski na unguwar Gwange. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga yayansa, ina rubuto maka daga Fatakwal, garin da ka turo ni shekarun baya ban so ba. Na san ba za ka karanta ba. Amma tsoro nake ji, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa ya gane sai kai.

Ka tuna kartar da kake ajiyewa a aljihun teburin shago, gefen askarka? Ba ka taɓa caca da ita ba. Rufa-ido kake yi wa masu jiran layi. Ka ɗaga kati biyu a manne kamar ɗaya, ka nuna fuskar na ƙasan, ka mayar, ka zare na sama ka cusa a tsakiya. Kowa ya rantse katin da ya gani ne ya shige. Sai ka buɗe na sama, ga shi nan yana kallonsu.

Da na roƙe ka ka koya min, wata guda cur kati ɗaya kawai ka bari na juya a gaban madubin shago. Na ɗauka wulaƙanci ne. Ka ce, "Modu, in ka ɗauki ɗaya ko kallon hannunka ba ka yi. In ka ɗauki biyu sai kafaɗarka ta tashi, ka ɗauke numfashi kamar ɓarawon akuya. Ka fara sanin yadda hannunka yake in ba ya ɓoye komai." Sai daga baya ka nuna min yadda ƙaramin yatsa ke riƙe 'yar tazara tsakanin katin biyu da sauran kartar, babban yatsa ya tura su tare, a sake, ba matsewa. Ka ce hannun da ya iya wannan shi ya cancanci ya ɗora aska a wuyan mutum.

Sai wata la'asar, shago cike, ka ɗaga su suka rabu. Ɗaya ya zame ya faɗi cikin sumar da ke ƙasa. Aka kwashe da dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Kai ba ka yi ba. Hannunka kake kallo.

Washegari ka ce da injin kilifa kawai za ka riƙa yi wa mutane gyaran gashi, aska ta gundure ka. Kafin ƙarshen damina ka ce shagon ya yi mana kaɗan mu biyu, in tafi Kudu. Ka kai ni tasha a keke napep, ko jiran motar ta tashi ba ka yi ba. Na riƙe ka a raina, Ya Bukar. Na ce hassada ce, ka ga hannuna ya fi naka. Da aka ce ba ka da lafiya ban zo ba. Sai bayan rasuwarka matarka Yagana ta faɗa min a waya cewa a ƙarshe ko kofin shayi ita ke riƙe maka saboda rawar hannu, kuma ka hana a gaya min.

Har yau ina ganin ba ka kyauta ba. Da ka zaunar da ni ka yi min bayani, da ni zan riƙe maka kofin nan. Amma gaskiya ɗaya ce: daga ranar da katin suka rabu, ba ka ƙara ɗora kaifi a fatar kowa ba.

Ni ma kullum kafin in buɗe shagona a nan sai na ɗaga kati biyu a gaban madubi, al'ada ce kawai. Ranar Talata suka rabu. Na sake, suka sake rabuwa, ina kallon babban yatsana yana rawa shi kaɗai. Kuma duk da haka na buɗe. Wani dattijo da ya saba zuwa ya zauna, ya kwantar da kai, ya rufe ido, ya miƙo min maƙogwaronsa. Na gama lafiya, ya yi godiya ya fita. Ni kuwa na zauna a ƙasa, rigata sharkaf da gumi. Tun ranar ina kallon hannun nan kamar baƙo a jikina. Ban san wata sana'a ba. Ban san ko cutarka ce ba, kuma ina tsoron likita ya ce ita ce.

Yau da safe na gwada. Suka tsaya a manne, sumul, har sau bakwai. Zuciyata ta ce ka gani, gajiya ce kawai, ɗauki askarka. Sai na tuna kai sau ɗaya ya ishe ka. Na naɗe ta a tsumma na tura ƙasan akwati. Gobe zan je asibiti, kuma duk abin da aka ce, Yagana za ta fara ji. Ba zan kori kowa daga kusa da ni kamar yadda ka kore ni ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka shirunka, Ya yafe min dariyata. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin barin askar nan inda na ajiye ta.

Ƙaninka,
Modu