Hasken da Ya Dushe a Kwalbar Hadiza

Yaya Mamman,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali? Mu nan Dogon Dutsi lafiya lau.

Ɗiyata Hadiza ta zo hutu daga jami'a, ta gwada maganin hawan jinin Inna da muke zargin jabu ne. Ta daka ƙwaya guda, ta zuba cikin wani ruwa mai ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli. Nan take ƙyallin ya dushe. Na dafe ƙirji!

Ta yi dariya: "Mama, maganin ne ke cinye hasken. Gwargwadon dushewar, gwargwadon yawansa. Wannan cikakke ne."

Ni da nake faɗa in an ɗauke wuta, sai ga ni ina guɗa don haske ya mutu!

A sa mu cikin addu'a, a gaishe da Rabi.

Ƙanwarka,
Zinaru